Sibgar Hoton Asibiti Da Lafiyar Ƙoda: Abin Da Ya Kamata Fatake Su Sani Kafin A Yi Musu Allura

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da na bakin kogin Shuɗin Nilu, tun daga Kamlin har zuwa Mai Wurno da ke kusa da Sinnar, kalmar sibga ba ta da kyakkyawan suna. Duk wanda ya manyanta a wannan yanki ya taɓa jin labarin baƙar sibgar nan da ake haɗawa da lalle ko a rina gashi da ita, wadda idan ta shiga ciki sai wuya ya kumbura, numfashi ya sarƙe, fitsari ya yi baƙi kamar shayin da ba madara, ƙoda kuma ta tsaya cik. Likitocin Sudan sun fara rubuce-rubuce a kan wannan guba tun cikin shekarun 1980, kuma ta yi sanadin rayuka masu yawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan likita ya rubuta wa mutum hoton magɗa'iyya, wato hoton siti, ya kuma ce za a yi shi da sibga, sai ka ga gaban majinyaci ya faɗi, wani ma ya naɗe takardarsa ya koma gida.

Suna ne kawai ya haɗa su. Sibgar lalle daban, sibgar asibiti daban, ba su haɗa komai ba wajen sinadari ko wajen aiki. To sai dai kuma tsoron da jama'a ke yi bai tashi a banza ba, domin ita ma sibgar asibiti tana iya taɓa ƙoda, musamman ƙodar da dama can ta gaji ko ta wanda ruwan jikinsa ya ƙare. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, haɗarin yana kan wasu mutane ne da ake iya gane su tun kafin allura ta shiga jiki, ta hanyar awon jini guda ɗaya da kuma faɗa wa likita gaskiya. Wanda ya san wannan ba zai guji hoton da ransa ya rataya a kai ba, ba kuma zai miƙa hannu a yi masa allura ido rufe ba.

Mece Ce Sibgar Asibiti?

A shekarar 1895 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ya gano hasken eksire, wanda ke ratsa nama ya nuna ƙashi. Matsalar ita ce hanta da hanji da ƙoda da jijiyoyin jini duk kusan launi ɗaya suke fitowa a hoto, ba a iya bambanta su sosai. Sai masana suka lura cewa sinadarin aidin yana tare wannan haske, ta yadda duk inda ya taru a jiki wurin zai fito fari fat. A shekarar 1929 wani matashin likita Ba'amurke, Moses Swick, da ke aiki a birnin Balin na Jamus, ya yi amfani da wani haɗin aidin da aka raɗa wa suna Uroselectan, ya zuba shi a jijiya, ya ga ƙoda da hanyar fitsari a hoto. Ka ga ke nan tun farko sibga da ƙoda tare suke tafiya, domin ta ƙoda take fita daga jiki.

Shi kuwa hoton siti, a shekarar 1971 aka fara ɗaukar majinyaci da shi a birnin Landan, da na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera. Yau da shi ake gano ƙari a hanta ko hanji, da zubar jini a ciki bayan haɗarin mota, da gudan jinin da ya toshe jijiyar huhu, kuma da yawa daga cikin waɗannan ba sa fitowa sarai sai an sa sibga. Ruwa ne garau kamar ruwan sha, ba shi da launi, ana zuba abin da ya kama daga mililita 50 zuwa 150 a jijiyar hannu, wato bai fi cikin kofin shayi ba. Mutum kan ji ɗumi ya ratsa jikinsa, ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, wani ma ya ji kamar fitsari ya kuɓuce masa alhali babu abin da ya faru. Duk wannan yana wucewa cikin 'yan mintuna. Idan ƙoda lafiyarta ƙalau, rabin sibgar kan fita cikin kamar awa biyu, kusan dukkanta kuma ta bi fitsari kafin a kwana a wuni.

Ita ce kuma ake amfani da ita wajen gasɗarar zuciya, inda ake zura siririn bututu ta hannu ko ta cinya har zuwa jijiyoyin zuciya. Amma farin ruwan nan mai kauri da ake ba mutum ya sha don a ga maƙogwaro da hanji, wanda ake kira bariyam, ba ya bi ta ƙoda, ta bayan gida yake fita. Haka nan hoton mojat sautiyya, wanda ake shafa wa mutum mai a ciki a duba, galibi ba ya buƙatar sibga sam.

Yadda Take Taɓa Ƙoda

Allah Ya yi wa ɗan Adam ƙoda biyu, kowacce na ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. A kullum suna tace ruwan da ya kai lita 180 daga cikin jini, su mayar da kusan dukkansa jiki, abin da ya rage kamar lita ɗaya da rabi shi ne fitsari. Tsakiyar ƙoda, inda wannan aiki ya fi nauyi, wuri ne da jini ke isa kaɗan-kaɗan ko da mutum yana da lafiya. Idan sibga ta iso, tana iya matse ƙananan jijiyoyin da ke kai jini wurin, iskar oksijin ta ƙara ƙaranci. Bayan haka tana iya ƙona fatar cikin siraran bututan da fitsari ke bi. Idan kuma babu isasshen ruwa a jiki, sai ta yi kauri a cikin bututan, ta daɗe ba ta wuce ba, ɓarnar ta ƙaru.

Manomin Jazira zai fi kowa gane wannan. Idan tur'a cike take da ruwa, duk dattin da ya faɗa ciki wucewa yake yi. Amma idan ruwa ya ja, abu kaɗan ke taruwa ya toshe hanya, hawasha ta bushe. Haka ƙoda take da sibga.

Mafi yawan lokuta mutum ba ya jin komai. A jini ake gani, inda wani datti mai suna kiriyatinin, wanda tsoka ke fitarwa ƙoda kuma ke kwashewa, ke fara hawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu bayan allura. Yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana uku zuwa biyar, sannan ya sauko ya koma yadda yake cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ƙalilan ne abin ke tsananta musu har fitsari ya ragu, jiki ya kumbura, a kai ga wankin ƙoda, kuma waɗannan galibi masu tsohon ciwon ƙoda ne ko waɗanda wata cuta mai tsanani ta riga ta kayar.

Abin Da Bincike Ya Gano

A shekarar 1954 aka fara buga rahoton majinyacin da ƙodarsa ta tsaya bayan an yi masa allurar sibga. Sibgar wancan zamani tana da ƙarfin jan ruwa, kamar yadda gishiri ke jan ruwa daga nama, har ta ninka jini sau biyar zuwa takwas. A shekarar 1969 wani likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, Torsten Almen, ya fito da dabarar haɗa sibga mai sauƙi ga jiki, kuma daga wannan dabara aka samu irin su Omnipaque, wadda ta shigo kasuwa a 1982. Irin waɗannan sababbin ne aka koma zubawa a jijiya. Sai dai tsoron da tsohuwar sibga ta shuka ya ci gaba da zama a zukatan likitoci da majinyata na tsawon shekaru.

Daga baya masu bincike suka yi wata tambaya mai ma'ana: mutumin da aka kwantar a asibiti har aka kai shi hoton siti, ai dama ba shi da lafiya, to ta yaya za a san sibga ce ta taɓa ƙodarsa ba cutar da ta kawo shi ba? A shekarar 2013 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka kwatanta dubban majinyatan da aka yi wa siti da sibga da waɗanda aka yi wa ba sibga, suka tarar matsalar ƙoda kusan daidai take a ɓangarorin biyu. A wannan shekarar dai, masu bincike a Jami'ar Mishigan suka yi irin wannan aiki, su kuma suka ga haɗarin ya fito fili ne ga waɗanda ƙarfin tacewar ƙodarsu ya yi ƙasa da 30.

A shekarar 2017 aka buga wani bincike daga birnin Mastirik na ƙasar Holan a kan majinyata 660 masu matsakaicin raunin ƙoda. An yi wa rabinsu ƙarin ruwa kafin hoto, an bar rabi ba a yi musu ba. Matsalar ƙoda ta samu kashi 2.7 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa, da kashi 2.6 na waɗanda ba a yi wa ba, wato babu bambanci. Har ila yau, wani babban bincike a kan mutane fiye da 5,000, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa magunguna biyu da aka daɗe ana bayarwa don kare ƙoda daga sibga, wato ruwan baikabonet da asetilsistin, ba su ƙara komai a kan ruwan gishiri na asibiti ba.

Wannan ya sa a shekarar 2020 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da gidauniyar kula da ƙoda ta ƙasar suka fitar da matsaya guda. Abin da ta ƙunsa shi ne, an daɗe ana zuzuta haɗarin sibgar da ake zubawa a jijiya. Waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman su ne masu ƙarfin tacewa ƙasa da 30 da waɗanda ƙodarsu ke cikin rauni na farat ɗaya a lokacin. Kuma bai kamata a hana mutum hoton da zai ceci ransa ba saboda tsoron sibga. Gasɗarar zuciya kuwa haɗarinta ya ɗara na siti, saboda sau da yawa sibgar ta fi yawa, masu ciwon zuciya kuma dama jininsu ba ya isa ƙoda yadda ya kamata.

Inda Gizo Ke Saƙar

Wannan albishir ne, amma akwai abin lura. An yi waɗannan bincike ne a ƙasashen da kusan kowane majinyaci an san awon ƙodarsa, an san magungunan da yake sha, kuma daga gidansa zuwa asibiti ba tafiyar kwana ba ce. Ɗan kasuwar da ke jigila tsakanin Gadarif da Gallabat zuwa Matama ta Habasha, ko tsakanin Damazin da Kurmuk, ko mai bin hanyar Wadi Halfa da Argin zuwa Masar, halinsa daban ne.

Na farko, ciwon ƙoda ba ya sallama. Mutum zai iya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa yana ciniki, yana ɗaukar buhu, bai ji komai ba. Ƙungiyoyin likitocin ƙoda na duniya sun ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 850 ne ke ɗauke da ciwon ƙoda, kuma manyan abubuwan da ke kawo shi su ne ciwon sukari da hawan jini, waɗanda su ma mutum kan daɗe da su bai sani ba. Wanda bai taɓa yin awo ba, ba ya iya cewa ba ya cikin masu ƙasa da 30 ɗin nan.

Na biyu, tafiya tana busar da jiki. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki. Mai tafiya a bayan lori ko a bas kan rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya matsa masa a hanya. Ga zazzaɓin maleriya, ga amai da gudawa, ga kwalara wadda hukumomi suka sanar da ɓarkewarta a Sudan cikin Agustan 2024. Kowanne daga cikinsu shi kaɗai yana iya raunana ƙoda, balle a ɗora masa sibga.

Na uku, ƙwayoyin ciwon jiki. Babu kasuwar iyaka da ba a samun daikulofenak da ibufurofen a kan tebur, waɗanda aka fi sani da Voltaren da Brufen, kuma masu dako da direbobi da fatake na shan su kamar gyaɗa don ciwon baya da gwiwa. Waɗannan ƙwayoyi suna hana ƙoda buɗe jijiyoyinta a daidai lokacin da take buƙatar ƙarin jini. Haka nan allurar jantamaisin da wasu ke yi ba da izinin likita ba, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

A ɗauka ga wani dattijo ɗan shekara sittin, yana da ciwon sukari na shekaru goma, ya kwana biyu a mota, ya sha Voltaren saboda bayansa, an kuma ce masa kada ya ci abinci kafin hoto, shi kuma ya ɗauka har da ruwa aka hana shi. Wannan shi ne mutumin da sibga za ta iya kayarwa. Ɗansa mai shekara talatin da ƙoda lafiyayya, wanda ya sha ruwansa ya huta, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, ko da kuwa kwalba ɗaya aka raba musu.

Wankin Ƙoda Bayan Yaƙi

Dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a Jazira shi ne abin da yaƙi ya yi wa harkar wankin ƙoda. Sudan ta daɗe a wannan fanni: tun a 1974 Dakta Umar Bilel ya yi dashen ƙoda na farko a Khartum, daga baya aka samu cibiyar Dakta Salma ta wankin ƙoda, da asibitin Ibn Sina, da asibitin Ahmad Gasim a Bahri, sannan gwamnati ta ɗauki nauyin wanki kyauta. A Madani kuma akwai asibitin ƙoda na Jazira da cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira, inda mutanen Kamlin da Hasahisa da ƙauyukan da ke kewaye suka saba zuwa idan ba su nufi Khartum ba.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, masu wankin ƙoda na Khartum suka kwararo Madani ta kan titin da ya bi ta Kamlin, cibiyoyi suka cika maƙil, kayan aiki suka yi ƙaranci. A Disambar 2023 dakarun RSF, waɗanda aka fi sani a nan da Da'amus Sari', suka shiga Madani, majinyata suka sake watsewa zuwa Sinnar da Gadarif da Kasala da Bur Sudan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a wancan lokaci cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na asibitocin yankunan da ake faɗa sun daina aiki. Sojoji sun karɓe Madani ranar 11 ga Janairun 2025, suka karɓe Khartum a Maris na shekarar, amma na'urar da aka sace ko aka lalata ba a maye gurbinta dare ɗaya, haka ma ƙwararrun da suka yi hijira.

Mai wankin ƙoda na dindindin yana buƙatar zama a kan na'ura sau biyu ko uku a mako, kamar awa huɗu kowane zama. Ga ɗan kasuwar da abincinsa ke kan hanya, wannan na nufin ƙarshen fatauci. Idan aka auna wannan da kuɗin awon jini ɗaya, za a ga wanne ya fi arha.

Takardar Awo Da Canjin Ma'auni

Awon da ake magana shi ne wanda ake kira wazayif kila a asibitocin Sudan, wato awon aikin ƙoda. Jini kaɗan ake ɗiba, sakamako kan fito a ranar. Abu biyu za ka duba a takardar. Na farko kiriyatinin, wanda a babban mutum lafiyayye yakan kama daga 0.6 zuwa 1.2 a ma'aunin da ake amfani da shi a Sudan da Masar. Na biyu wata lamba da ake rubuta haruffan eGFR a gabanta, ita ce ƙarfin tacewar ƙoda, ana lissafa ta daga kiriyatinin da shekaru da jinsin mutum. Idan ta kai 90 zuwa sama, ƙoda na aiki sosai. Ƙasa da 60 na tsawon wata uku alama ce ta ciwon ƙoda. Ƙasa da 30 ciwon ya yi nisa, nan ne sibga ke buƙatar taka-tsantsan. Ƙasa da 15 kuwa ƙoda ta kusa ajiye aiki. Idan ba a rubuta wannan lamba ba, ka roƙi likita ya lissafa maka, domin kiriyatinin kaɗai na iya ruɗar mutum: tsohuwa ramammiya za ta iya samun 1.2 alhali ƙodarta ta yi rauni sosai.

Ga wani abu da ya shafi masu ƙetare iyaka kai tsaye. Kamar yadda fam da bir da sefa da naira ba ɗaya ba ne, haka ma'aunin kiriyatinin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da aka rubuta 1 a Madani ko Alƙahira, a Kano ko Maiduguri 88 za ka gani, domin da ma'aunin maikuromol suke aiki. A wasu ɗakunan awo na ƙasashen da ke amfani da Faransanci, irin su Chadi da Nijar, 10 za a rubuta, saboda su a kan lita suke lissafi. Don haka kada ka faɗa wa likita lamba da ka, ka miƙa masa takardar ya ga ma'aunin da idonsa.

Haka nan duk wanda aka yi wa hoto, ya karɓi faifan ko fim ɗin tare da rahoton likita, ya adana su kamar yadda yake adana takardun kwastan. Sau da yawa majinyaci kan yi hoto a wani gari, ya isa wani asibiti hannu biyu, a sake yi masa da sabuwar sibga cikin kwana ɗaya ko biyu. Sibga a kan sibga kafin ƙoda ta huta na daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗari, ga kuma asarar kuɗi.

Kafin Hoto Da Bayansa

Kafin a yi maka allura, ka sanar da likita da mai ɗaukar hoto idan kana da ciwon ƙoda, ko ƙoda ɗaya gare ka, ko an taɓa yi maka aiki a ƙoda, ko kana da ciwon sukari, hawan jini ko ciwon zuciya. Ka faɗa musu idan kwanan nan ka yi amai, gudawa ko zazzaɓi mai zafi. Ka zo da duk magungunan da kake sha cikin kwalayensu, har da na kasuwa da na gargajiya, kada kunya ta hana ka. Idan an taɓa yi maka sibga jikinka ya yi borin jini, ko numfashi ya sarƙe, wannan ma a faɗa, domin shi wani haɗari ne daban da na ƙoda kuma yana da nasa shiri.

Masu shan metfomin don ciwon sukari, wanda aka fi sani da Glucophage, su tambaya musamman. Shi maganin ba ya lalata ƙoda, amma idan ƙoda ta yi rauni bayan sibga yana iya taruwa a jini ya jawo matsala mai tsanani. Shi ya sa likita kan dakatar da shi na awa 48 ga masu raunin ƙoda, har sai an sake awo. Ƙwayoyin Voltaren da Brufen kuma a jingine su kwana ɗaya ko biyu kafin hoto da kwana biyu bayansa ga duk mai raunin ƙoda. Farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda idan ba a wuce ƙima ba. Masu shan maganin hawan jini ko na sa fitsari irin su Lasix, kada su tsayar da kansu sai da umarnin likita.

Idan an ce kada ka ci abinci, ka tambaya ko za ka iya shan ruwa, domin a mafi yawan hotuna ba a hana ruwa. Idan ka zo daga doguwar tafiya kuma abin ba na gaggawa ba ne, ka kwana ka huta, ka sha ruwa, a yi hoton washegari. Idan cikin watan azumi ne, ka sanar da likita kana azumi don a zaɓi lokacin da ya dace. Addini ma ya yi wa marar lafiya rangwame. Wanda awonsa ya nuna ƙasa da 30, likita kan yi masa ƙarin ruwan gishiri kafin hoto da wasu awoyi bayansa, ya rage yawan sibga, ko ya duba ko wani hoton zai wadatar. Sai dai mai ciwon zuciya ko mai kumburi kada ya ɗirka wa kansa ruwa da sunan kariya, domin ruwan na iya taruwa masa a huhu.

Bayan hoto, ka ci gaba da shan ruwa kamar yadda aka umarce ka, ka lura da fitsarinka. Mai raunin ƙoda ya sake awo bayan kwana biyu zuwa uku, kuma ya fi kyau ya yi shi kafin ya hau mota ya nufi iyaka, inda ɗakin awo ke da wuyar samu. Idan fitsari ya ragu sosai, ƙafafu ko fuska suka kumbura, ko amai da kasala da sarƙewar numfashi suka taso, a koma asibiti nan take.

Amma idan abin gaggawa ne, kamar haɗarin mota, ko shanyewar ɓarin jiki, ko bugun zuciya, 'yan uwa kada su tsayar da likita suna gardama a kan sibga. Ƙodar da ta gaji sau da yawa tana farfaɗowa, amma jinin da ke zuba a ciki ba a gani ba, ba ya jiran kowa.

Sibgar Hoton Ranin

Akwai kuma hoton ranin, wato wanda ake shigar da mutum cikin dogon bututu mai ƙara da ke aiki da maganaɗisu. Tasa sibgar ba ta aidin ba ce, ana yin ta da wani ƙarfe mai suna gadoliniyam, kuma a ƙimar da ake bayarwa ba kasafai take raunana ƙoda ba. Matsalarta ta wata fuska ce. A shekarar 2000 aka fara bayyana wata baƙuwar cuta da ke sa fatar masu ciwon ƙoda mai tsanani ta yi tauri kamar katako, gaɓoɓi su ƙage. A 2006 wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Thomas Grobner, ya danganta ta da wannan sibga, a 2007 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mai ƙarfi a kanta, a 2017 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da wasu tsofaffin nau'o'inta. Tun da aka koma tantance masu ciwon ƙoda da amfani da nau'o'in da suka fi aminci, cutar ta zama abin da da wuya a gani. A nan ma dai maganar ɗaya ce, mai ciwon ƙoda ko mai wanki ya bayyana kansa kafin allura.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Ɗan kasuwa ba ya ɗora wa mota kaya sai ya duba tayoyinta, ba ya kuma karɓar kuɗin wata ƙasa sai ya san canjin ranar. Duk wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da sukari ko hawan jini, ya yi awon ƙoda ko da sau ɗaya ne a shekara, ya ajiye takardar a jakar tafiyarsa tare da fasfo. Ranar da likita ya ce sai an yi hoto da sibga, wannan takarda ce za ta nuna ko a yi kai tsaye, ko a fara da ƙarin ruwa, ko a nemi wata hanya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya mai ɗorewa, amin.